Tsirkiya 12 da kaset ɗaya: yadda aikin ke tafiya

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Aikin da muka sa a gaba waƙoƙi huɗu ne, da Hausa, a kan irin kiɗan jitar nan da ƙananan kamfanonin faifai na Birtaniya suka yi tashe da shi a shekarun 1980, wanda masu shi ke kira jangle pop. Mu uku ne: ni da jita da murya, wata abokiyar aikina 'yar nan Gilasgo da jitar bes, sai wani abokinmu mai ganguna. A kan kaset za mu ɗauka, da tsohuwar na'ura mai layi huɗu, wato mai ɗaukar sauti huɗu daban-daban, kowane a layinsa. Muna so mu kammala kafin azumi ya kama a farkon Maris.

Ga wanda bai taɓa jin kiɗan ba: jita ce mai amo tas-tas, ana tsinkar tsirkiyoyinta ɗaya bayan ɗaya, kowace a bar ta ta yi ta ƙara har ta tarar da ta bayanta. Ganga na gudu, waƙa da wuya ta wuce minti uku, mawaƙin kuma sau da yawa ba gwanin murya ba ne. Abin da ya ɗaure mini kai tun farkon jin da na yi masa shi ne, kunne na jin kiɗan murna, amma da ya ƙare sai ka tarar ƙirjinka ya yi nauyi. Ina so in san ta wace ƙofa nauyin ke shigowa, kuma ban san wata hanyar ganewa ba sai in yi abin da hannuna.

Asabar, 12 ga Oktoba

Jita mai tsirkiya 12 ta iso. Ta hannu ce, ƙirar Danelectro, don Rickenbacker ta fi ƙarfin aljihuna nesa ba kusa ba.

Tsirkiyoyin bibbiyu suke, jeri shida. A jeri huɗu masu kauri, kowace tsirkiya tana da 'yar rakiya siririya mai sauti iri ɗaya da nata amma a sama. A jeri biyu na ƙarshe kuwa tagwaye ne sak. To, duk iya ƙoƙarinka wajen saiti, tagwayen nan ba za su taɓa daidaita ɗari bisa ɗari ba. Idan ɗaya na kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, ɗayar sau 442, kunne zai ji sautin yana kumbura yana sacewa sau biyu a kowace daƙiƙa. Wannan 'yar rawar ɗarin ita ce ƙyallin da ake ji. Na zauna da yamma ina tsinkar jeri guda kawai ina saurare, na ga lallai daɗin daga saɓanin yake fitowa.

Asalin amon sananne ne. George Harrison na ƙungiyar The Beatles ya samu Rickenbacker mai tsirkiya 12 a 1964, Roger McGuinn na The Byrds ya gan shi da ita a fim ya je ya nemo tasa, zuwa 1965 amon ya cika rediyon Amurka. Kamfanin Rickenbacker yana juya jerin, mai kauri ce ke fara shan bugu kafin siririyar. A tawa siririyar ce a gaba, shi ya sa ta fi tsini kaɗan. Zan bar ta a haka.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na'urar ɗauka Tascam ce ta shekarun 1990, jikanyar Portastudio ta farko da aka fitar a 1979. Bel ɗin robar ciki ya saki, sauti na ta lilo. Wani dattijo mai gyaran rediyo ya sauya shi, ya goge hed da sifirit, ya ce in nemi kaset mai inganci in daina sa mata tsofaffi. Tana cin kaset da ninkin gudun rediyo, santimita 9.5 a daƙiƙa, kuma layuka huɗun duk fuska ɗaya suke bi, ba a juya kaset. Ke nan kaset mai minti 60 minti 15 kacal zai ba mu.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Yau aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kafin biyar na yamma rana ta faɗi. Na bi ta titin West Princes don in ga gida mai lamba 185. Bene ne na dutse irin na sauran unguwar. A wani ɗaki a ciki Alan Horne ya tafiyar da kamfanin faifai na Postcard, wanda ya kafa a 1979. Faifansu na farko, na ƙungiyar Orange Juice, ya fito a farkon 1980, kuma abin da aka buga bai kai kwafi 1000 ba. Suka fitar da Josef K daga Edinburgh, da Aztec Camera daga East Kilbride, har da The Go-Betweens da suka taso tun daga Brisbane ta Ostareliya. Zuwa ƙarshen 1981 kamfanin ya rufe.

Abin da na tsaya ina juyawa a raina a bakin titin shi ne shekarun yaran. Edwyn Collins, mawaƙin Orange Juice, bai fi shekara 20 ba lokacin. Guguwar kiɗan punk ta wuce ta bar musu darasi ɗaya mai amfani, cewa ba sai ka ƙware ba kafin ka yi faifai. Amma hayaniya da fushin punk ba su dame su ba. Baya suka waiwaya, zuwa amon 1965, zamanin da suke yara ƙanana ba su san komai ba. Garinsu kuwa masana'antu na rufewa, tasoshin ƙera jiragen ruwa na bakin kogin Clyde sun daɗe da fara mutuwa, aikin yi ya yi wuya. A cikin wannan hali suka zaɓi amo mafi haske da suka sani.

Ke nan kewa ba daga baya ta manne wa kiɗan ba don ya tsufa. Da ita aka haife shi. Masu yin sa na begen lokacin da ba su yi wayo a cikinsa ba, kuma ina jin shi ya sa yake karɓar kewar kowa. Ni da na girma a Zariya, ban ji wannan kiɗa ba sai da na zo nan da girmana, amma idan na kunna shi hazon hunturu nake gani a kan hanyar Samaru da sassafe.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mun zauna a kan waƙa ta farko, kuma yau na fara kama bakin zaren.

Dabarar hannun hagu ita ce kada ka danne duk tsirkiyoyin. Ka bar na sama biyu a sake, su yi ta ƙara a wuri ɗaya, yatsunka kuma su riƙa sauya haɗin sauti a ƙarƙashinsu. Idan kana kan haɗi mai haske, sakakkun tsirkiyoyin nan suna zaune lafiya. Da ka koma haɗi mai duhu, su ba su motsa ba, amma yanzu suna gogar maƙwabtansu, sai wani ɗan ɗaci ya bayyana. Sauti ɗaya ne bai canja ba, ƙasan da yake tsaye a kai ne ya canja. Mai bes ta gane abin kafin in gama bayani, ta fara saukowa a hankali, mataki-mataki, tana barin jitata a sama. Sai da tsigar jikina ta tashi.

Wata dabarar ita ce ɗaga yatsa ɗaya ka mayar, haɗin ya zama bai tsaya a haske ba bai faɗa duhu ba, yana rataye. Kunne na jiran a sauke shi. Idan ka jinkirta saukewar da bugu ɗaya ko biyu, wannan jiran shi ne rabin waƙar.

Mutanen da suka fi burge ni a wannan fanni ba ma 'yan Birtaniya ba ne. 'Yan Dunedin ne, can kudancin Niyu Zilan, garin da baƙi daga Sikotland suka kafa a 1848, mai sanyi da jami'a da ɗalibai a gidajen haya. Roger Shepherd ya buɗe kamfanin Flying Nun a Christchurch a 1981, ya riƙa fitar da The Clean da The Chills da The Verlaines. Da yawa daga ɗaukar farko-farko mawaƙi Chris Knox ne ya yi su da na'urarsa mai layi huɗu. Su sukan riƙe sauti ɗaya ya yi ta gunji a ƙarƙashin waƙa daga farko har ƙarshe. Kunnen da ya saba da garaya da gurmi, inda tsirkiya ɗaya ke tsaye ɗayar na yawo, ba zai ji wannan baƙon abu ba.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Siririyar jeri na uku ta tsinke. Ita ce mafi ƙanƙanta a jikin jitar kuma ita ke ɗauke da sautin da ya fi hawa sama, don haka ita ce ke fara tafiya. Na sayo wasu na ajiye. Ba mu yi komai ba yau.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Ba a buga ganga a gidan bene mai maƙwabta sama da ƙasa, sai muka kama ɗakin gwaji na haya, muka ɗauki na'urar a jaka. Makirfo ɗaya muka rataya a saman gangunan. Ganga a layi na ɗaya, bes a na biyu, jita mai tsirkiya shida a na uku, duka a lokaci guda muna kallon juna.

Daga nan sai abin da ke sa gaban mutum faɗuwa. Don a samu wurin sauran kaya, dole a haɗe layuka ukun nan a zuba su a na huɗu, sannan a goge su a ɗauki sabon abu a kansu. Da an zuba, an zuba. Idan bes ya yi yawa, haka zai zauna har abada. Mai ganga ya so mu kwafe komai a kwamfuta tukuna saboda tsaro, muka yi ta ja, a ƙarshe ya haƙura. Hujjata ita ce da yawa daga faifan da muke ƙauna a cikin irin wannan ƙuncin aka yi su, kuma ana jin alamarsa: mutanen da suka san ba gyara sukan buga da hankalinsu duka a wurin. A waƙa ta biyu gangar ta ɗan ƙara gudu wajen amshi. Mun saurara, mun bar ta, don daidai wurin ne waƙar ke buƙatar zumuɗi.

Asabar, 7 ga Disamba

Ranar tsirkiya 12. Jitar lantarki irin wannan ba ta riƙe sauti, yakan fito da ƙarfi ya mutu da wuri. Maganin da aka samo tun zamanin The Byrds shi ne a bi da ita ta na'urar matse sauti, wadda ke danne kan bugun ta ɗago jelarsa. McGuinn ya sha faɗin cewa a ɗakin ɗauka aka yi wa jitarsa haka, kuma daga nan doguwar ƙarar ta samu.

Na gwada matsewa sosai. Amon ya yi kyau, ya yi sumul, amma nauyin nan da nake nema ya ɓace. Na sassauta, sai ya dawo. Na daɗe ina murɗa maɓallin gaba da baya kafin in yarda da abin da kunnena ke gaya mini: dole a ji sautin yana mutuwa. Kowace tsirkiya ta fito da haskenta, ta fara dusashewa, kafin ta ƙare wata ta fito, ita ma ta bi sahu. A cikin minti uku kunne zai ji haka sau ɗaruruwa. Idan aka matse har jelar ta yi daidai da kai, an toshe ƙofar da nauyin ke shigowa. Na tsayar da maɓallin ƙasa da rabi.

Asabar, 14 ga Disamba

Kafin huɗu na yamma duhu ya rufe. Lokacin rubutu ne.

Nan ne aikin ya fi ba ni wuya. Karin wannan kiɗa an gina shi ne a kan Turanci, inda ake danna gaɓa ɗaya a sassauta na kusa da ita. Hausa ba ta yarda da haka ba. Gaɓa mai nauyi tana son wurinta, marar nauyi tana son nata, ga kuma karin sauti, hawa da sauka, wanda in ka murɗe shi don ka bi jita sai kalma ta fita daga hayyacinta. Na rera baitin farko a kan karin da na riga na tsara, na ji kaina kamar baƙon da ya koyi Hausa a littafi.

Sai na juya tsarin. Na ajiye jita, na karanta kowane ɗango da baki yadda zan faɗe shi a zance, na ɗauka a waya, na saurari inda murya ke hawa da inda take sauka da kanta. A kan wannan na sake gina karin. Abin mamaki, ya fi na farkon taushi, domin jimlar Hausa a zance tana gangarowa ne a hankali daga farko zuwa ƙarshe, kuma wannan gangarowar ta dace da bes mai saukowa. Amsa-amo kuwa na riƙe guda ɗaya a ƙarshen kowane baiti, yadda rubutacciyar waƙa ta gada.

Da na gaya wa mai bes damuwata, ko harshen zai zauna a kan kiɗan, ta tuna mini cewa ba ni ne farau ba a garin nan. Zeke Manyika, haifaffen Zimbabuwe, ya zama mai gangar Orange Juice a 1982, kuma ya rera da harshen Shona a kundinsu na wannan shekarar. Na ji daɗin sanin haka ƙwarai.

Asabar, 28 ga Disamba

Na tura wa Yaya waƙa ta farko, ba a gama haɗa ta ba. Ta dawo mini da saƙon murya daga Zariya.

"Ƙanina, kiɗan nan ai na biki ne, amma kai kana rerawa kamar an yi maka rasuwa. Lafiya dai ko?"

Na ce, "Lafiya lau, Yaya. Haka ake son sa."

Ta ce, "To, na ji. Na sake kunnawa ina wanke-wanke, sai ga ni ina tuna gidanmu na da. Amma ka ɗaga murya kaɗan, ba a jin ƙarshen maganarka."

Ba ta san Postcard ba, ba ta san Dunedin ba, amma abin ya same ta inda yake samuna. Batun murya kuma zan bi shawararta.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Murya ta shiga a waƙoƙi uku. Na matso kusa da makirfo, na rera a hankali, na kula da ƙarshen kowane ɗango.

Tun ina shirin wannan rana nake tunanin kamfanin faifai na Sarah da ke Bristol, wanda Clare Wadd da Matt Haynes suka kafa a 1987. Jaridun kiɗa na Landan sun yi shekaru suna yi musu ba'a, wai kiɗansu na ragwaye ne, na masu kuka a ɗaki. Ban yarda ba ko kaɗan. Mutanen nan sun dage a kan ƙaramin faifai mai inci 7 domin shi ne mai araha ga matashi marar kuɗi, a lokacin da manyan kamfanoni ke sayar wa mutum waƙa ɗaya a siffofi daban-daban. Sun ƙi sa hoton mace a bangon faifai don jawo mai saye, suka riƙa sa hotunan garinsu. Da suka kai faifai mai lamba 100 a 1995 suka rufe da kansu, ba don kasuwa ta kore su ba. Wanda ya iya wannan ba rago ba ne.

Kuma tattausar muryar da ake musu gori a kanta zaɓi ce. A zamanin da mawaƙin jita namiji ke ganin sai ya yi kururuwa ya nuna ƙarfi, su suka tsaya suka ce an bar ni, na ji ciwo, ban san yadda zan yi ba, a muryar da mutum ke magana da ita a gida. The Field Mice sun yi haka, The Orchids na nan Gilasgo ma haka. Yau da na tsaya gaban makirfo na gane cewa rera irin wannan magana ba tare da ɓuya a bayan hayaniya ba yana buƙatar ƙarfin hali.

Asabar, 25 ga Janairu

Jiya guguwar Éowyn ta ratsa garin, an yi jan gargaɗi, jiragen ƙasa da makarantu duk a rufe. Kowa ya zauna a gida. Na yi amfani da zaman na gyara baitin ƙarshe na waƙa ta huɗu, na ɗauki muryarta yau da iska ta lafa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Haɗa sauti. Mun ɗan yi gardama da mai bes a kan na'urar ninka amo, wadda ke kwafar sautin jita ta jinkirta shi ƙiris tana ɗan karkaɗa shi, don tsirkiya shida ta yi kamar 12. Ita tana son ta sosai, ta kawo hujja da Johnny Marr na The Smiths, wanda ya yi aiki da amfilifayar Roland JC-120 mai irin wannan ninkin a cikinta. Gaskiyarta, a hannunsa abin ya yi kyau. Amma mu muna da tsirkiya 12 ta gaske, ninki a kan ninki sai ya zama hazo. Muka raba: a jita mai shida an sa kaɗan, a mai 12 ba a sa ba.

Amsa-kuwwa ma mun rage. Yawancin sababbin ƙungiyoyin da ke bin wannan salo a yau suna lulluɓe komai da ita har ba ka iya bambance tsirkiya da tsirkiya, suna ganin nisa shi ne kewa. A ganina sun rasa abin. Tsofaffin faifan a bushe suke, kusa da kunne, kana jin yatsa na zamewa a kan ƙarfe. Huci na kaset kuwa yana nan a ƙasa, siriri, mun bar shi.

Layi ɗaya ya rage a waƙa ta uku. Muka sa ɗan bandiri mai kacau-kacau, ya shigo a amshi kawai. Da shigarsa waƙar ta buɗe.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Waƙoƙi huɗu sun kammala, jimlarsu minti 11 da 'yan daƙiƙu. Ta ɗaya da ta uku na gamsu da su. Ta biyu tana da rai saboda gudun gangar nan. Ta huɗu ce har yanzu nake jin kalmomin baiti na biyu sun yi wa karin yawa, amma sauran biyun sun ce in ƙyale, na ƙyale.

Za mu buga kaset 50. Mai ganga ya tambaya ko wa ke da rediyon kaset a yau, mai bes ta ce a 1986 ma da jaridar kiɗa ta NME ta tara ƙungiyoyi 22 a kaset ɗin C86, ta gidan waya mutane suka riƙa aikawa a kawo musu, wanda ke so zai nemo hanya. Duk da haka za mu sa lambar saukewa ta intanet a cikin kowane kwali. Bangon hoton layin benayen unguwarmu ne da mai bes ta ɗauka da safe, a ciki kuma baitocin da Hausa, da fassararsu a gefe don mutanen nan.

Ranar Litinin zan aika wa mai bugawa. Ya ce mako uku zuwa huɗu, ke nan sai cikin azumi za su iso. Zan kai 'yan kwafi shagon faifai na Monorail in ji ko za su karɓa, biyar kuma na Zariya ne, in an samu mai tafiya gida kafin Sallah.